Farin Takalmin Dogo

Litinin, da hantsi

Darakta ya zube min sauran hotunan da aka ɗauka ya ce in fito masa da fim a ciki, sai ka ce kaza zan fige. Bayana ya riga ya fara ciwo tun ban zauna ba.

Amma wallahi ina jin daɗin aikin nan. Fim ne a kan 'Yan Farar Riga, masu kiɗa a lambun otal kowace Asabar tun kafin a haife ni. Su huɗu suka rage. Zaki mai waƙa, shi ne shugaba. Dogo mai jitar bes. Mai Ƙaho. Sai Kawu, yayan Umma, a kan ganguna. Da farko sun ƙi yarda a ɗauke su, Zaki ya ce shi ba gawa ba ne da za a yi masa tarihi. Kawu ne ya shawo kansu. Ya ce, "Almakashi ce za ta haɗa, 'yarmu ce, ba za ta kunyata mu ba." Haka yake kirana tunda na fara aikin yanka fim. Shi ya koya min kiɗa ina ƙarama, yana buga min da yatsu a gadon baya, kuma har yau da wannan bugun nake sanin inda zan yanka hoto.

Talata, da la'asar

Na wuni a kan hirar Mai Fiyano. Shi ne na biyar ɗinsu, wanda Zaki ya sauke lokacin da hannunsa ya fara rawa. Ya zauna a falonsa ya cusa hannun a ƙarƙashin cinya, ya ce ko titin otal ɗin ba ya bi. Na haɗa shi da inda Zaki yake cewa, "Dokarmu ɗaya ce, wanda ba zai iya ba ya sauka. Ranar da muryata ta karye ni ma sauka zan yi."

Tsohon nan ba shi da sauƙi ko kaɗan.

Akwai wurin dariya kuma. Dukkansu baƙin takalmi suke sawa, sai Dogo, shi fari ƙal. Mai Ƙaho ya ce tsufa ne ya zo masa da gayu, wai shekara bakwai ke nan yana neman bazawara da takalmi ba a dace ba. Dogo ya yi murmushi kawai.

Laraba, da rana

Na ga wani abu.

Laraba, da yamma

Ina daidaita sauti da hoto ne a gwajin da suka yi a garejin Zaki. Aikin sai an bi sanda ɗaya-ɗaya, a tabbatar ƙarar ta faɗo daidai da bugun. To a nan na lura Kawu ba ya ɗaga kai. Mai Ƙaho yana lumshe ido, Zaki yana kallon sama, shi Kawu idonsa na ƙasa ta hagu, waƙa bayan waƙa. Na buɗe kyamara ta biyu in ga me ke wurin. Ƙafar Dogo ce, tana buga ƙasa.

Sai aka zo inda Dogo ya matsa bayan sifika zai gyara waya. Ƙafar ta ɓace. Kawu ya kauce, ya yi ta lalube kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Zaki ya juyo ya daka masa tsawa, bai ko motsa ba. Dogo ya dawo da sauri ya ajiye ƙafar a inda take, nan take kiɗa ya koma daidai.

Kawu ba ya ji. Na rubuta, ga shi nan.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina! Kafin in yi tunani na riga na leƙa ƙofa ina ƙwala kira, "Darakta, zo ka ga wani abu!" Da murna fa na kira shi. Da murna.

Ya kalla har sau uku, ya dafa kujerata ya ce, "Edita, wannan shi ne fim ɗin."

Alhamis, da safe

Umma na shara na tambaye ta, a kaikaice, ko ta lura Kawu ba ya amsa magana yadda ya kamata. Ta ce, "Yaya? Ai Yaya tun muna yara ba ya sauraren kowa. Yau kika san shi?"

Sai yanzu nake haɗa abubuwa. Surutun da ya ƙaru, wanda ba ya barin kowa ya sa baki. Dariyar da yake yi kafin a gama ba da labari. Wayar da kullum wai ta lalace. Yadda yake tsare mutum da ido a baki, mu kuma muna cewa tsokana ce.

Idan Zaki ya sani, Kawu ya bi Mai Fiyano. Kuma Kawu ba shi da shago, ba shi da gona, ba shi da wani abu da yake tashi dominsa in ba Asabar ba. Tun da matarsa ta rasu, kujerar gangunan nan ce matarsa.

Asabar, da hantsi

Mun je shagon Dogo na gyaran rediyo don ƙarasa hirarsa. Darakta ya ce ni zan yi masa tambayar takalmin, tunda Dogon ya goya ni ina ƙarama. A gaban kyamara ya ce shi dai fari yake so, ƙarshen magana.

Da aka tashi shan ruwa, sauran suka fita, na bi shi bayan kanta. Na ce, "Baba Dogo, na ga ƙafar."

Ya daɗe yana juya sukundireba a hannu. Sannan ya ce wata Asabar ce ya lura abokinsa yana satar kallon ƙafarsa. Bai ce komai ba. Da duhu ya fara shiga lambun, baƙin takalmi ya daina ganuwa, sai kiɗan ya riƙa zamewa. Washegari ya shiga kasuwa ya sayo fari.

Na ce, "Kun taɓa yin maganar?"

Ya ce, "Haba 'yata. In ce masa me? Shi a zatonsa ban sani ba. Ki bar shi a haka. Wannan tsakanina da ke ne."

Na ce to.

Ƙaramin makirufon yana maƙale a wuyan rigarsa. Ina kallon jar fitilarsa tana ci tun daga farkon maganar har ƙarshe. Ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba, na gan ta.

Lahadi

Ban je gidan Kawu ba, duk da na saba zuwa kowace Lahadi. Na ce wa Umma kaina ke ciwo.

Litinin, da yamma

Ni dai sauraro kawai na yi niyya. Na ɗora muryar Dogo a kan hoton takalmin, in ji yadda za ta zauna. Takalmi, idon Kawu, sanda. Takalmi, ido, sanda. Na cire kiɗan gaba ɗaya a inda ƙafar ta ɓace, na bar hoton tsit, mai kallo ya ji abin da Kawu yake ji.

Tunda nake ban taɓa yanka abu mai kyan wannan ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Darakta ya shigo yana cin gyaɗa, ya tsaya da ci. Da ya gama kallo ya ce, "Dogo ya yarda a sa wannan?"

Na ce zan yi masa magana.

Ya ce, "Ki ji, kawunki ne. Ni ba zan tilasta miki ba. Kika ce a cire, a cire."

Da ma ya tilasta min. Da na sami wanda zan zaga.

Talata, da rana

Na cire.

Laraba, da la'asar

Na kalli fim ɗin daga farko ba tare da wurin takalmin ba. Tsofaffi huɗu suna yabon junansu, ga tsofaffin hotuna da wando mai faɗin ƙafa, ga tafi. Ba laifi. Irin wanda ake kunnawa a ɗakin jira a rage murya. Har mai shara ta tsaya ta leƙa, ta yi hamma ta wuce.

Na mayar da shi don in kwatanta kawai.

Ban sake cirewa ba. Ban kira Baba Dogo ba. Na ɗauki waya sau biyu na ajiye.

Ni dai aikina nake yi. An ce in faɗi gaskiyar rayuwarsu, to wace gaskiya ce ta fi wannan? Kuma ai abin yabo ne, ba na zagi ba. Duk wanda ya kalla zai ƙara ganin girmansu. Wataƙila ma Zaki ya yi laushi.

Ji ni fa. Sai ka ce lauya.

Juma'a, da yamma

Na je gidan Kawu.

Na same shi a tsakar gida ya baje farantan ganguna a tabarma yana goge su da tsumma. Yana ganina ya fara, "Almakashi! Kin yanke min tumbi a fim ɗin ko kin bar shi? In kin bar shi ba ni ba ke." Ya yi ta zuba, labarin ranar da Mai Ƙaho ya hura ƙaho ƙudan zuma ya fito, wanda na ji ya fi a ƙirga. Na yi dariya inda ake dariya.

Na shirya maganata tun a mota. Na buɗe baki sai ya miƙe ya juya zai ɗauko min ruwa a randa. Ina kallon bayansa, rigar shan iska duk ta huje a kafaɗa, na ce, "Kawu, na san ba ka ji. Na sa a fim. Ranar Alhamis kowa zai gani."

Da ƙarfi na faɗa, har akuyar maƙwabta ta ɗago kai.

Ya juyo da kofi yana murmushi ya ce, "Sha, kin rame. Wannan Daraktan ba ya ba ku abinci ne?"

Na sha. Na yi masa sallama. A hanya ina ce wa kaina ai na gaya masa.

Lahadi

Ban je ba.

Talata, da safe

Umma ta ce me ke damuna nake tsawa a kan ƙaramin abu. Na fasa mata kofi jiya, na kuma yi faɗa da ita a kan kofin. Ta ce in aikin ne yake haukata ni in bar shi. Ta guga wa Kawu farar rigarsa ta zuwa kallo, ta ce shi ya aiko da ita tun Asabar, wai ba ya yarda da gugar kowa sai tata.

Akwai sauran lokaci. Minti biyu ne aikin cirewa.

Laraba, da la'asar

Akwai sauran lokaci.

Alhamis

An nuna.

Juma'a, da rana

Ban je aiki ba. Darakta ya kira ya ce mutanen da za su saka fim ɗin a talabijin sun gani sun rasa bakin magana, suna tambayar wa ya haɗa. Na ji daɗi. Allah ya gani na ji daɗi, na daƙiƙa ɗaya, sannan na shiga banɗaki na yi amai.

Asabar, da hantsi

Bari in rubuta, ko zan samu in ci abinci.

A ofis aka yi, bayan azahar, mun jera kujerun roba mun rufe taga da labule. Su huɗu a gaba da fararen riguna. Mai Fiyano ma ya zo, ya zauna can baya kusa da ƙofa. Kawu ya fi kowa surutu, yana nuna kansa da gashi a tsohon hoto, yana dukan cinyar Mai Ƙaho.

Da muryar Baba Dogo ta fito, ɗakin ya mutu. Dogo ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Ban san inda zan sa idona ba.

Abin da na riƙe a raina duk kwanakin nan, wanda ban rubuta ba saboda kunya, shi ne ai Kawu ba zai ji abin da Dogo ya faɗa ba. Da wannan na lallashi kaina. Na manta yadda na yanka shi. Takalmi, ido, sanda. Sai tsohon hoto da baƙin takalmi, sai sabo da fari. Sai fuskar Dogo yana satar kallon Kawu kafin ya gyara tsayuwa. Na yanka shi yadda ko babu sauti za a gane, har ina yaba wa kaina a kan hakan.

Dariyar Kawu ta tsaya a rabi. Ya sunkuya ya dubi ƙafar Dogo da ke gefensa, ya daɗe yana kallo.

Da aka kunna fitila ya miƙe ya gyara riga, ya ce, "Almakashi, kin bar tumbin." Ba wanda ya yi dariya. Ya fita.

Yau Asabar. Ban san wa zai hau ganguna ba.

Lahadi, da yamma

Ba a yi kiɗa jiya ba, karo na farko tun rasuwar matar Kawu. Mai Ƙaho ne ya gaya min a waya. Ya ce Kawu ya aika wa Zaki sandunansa a leda.

Kuma wai Zaki, Zakin da nake tsoro, shi ya kwashi sandunan ya kai masa har gida. Ya tsaya a gabansa yana magana a hankali don ya ga bakinsa, ya ce dokar banza ce, shi ya kafa ta, shi ya karya ta. Har da hawaye, in ji Mai Ƙaho. Kawu ya ce a'a. Ya ce wanda ba zai iya ba ya sauka, kuma ba za a karya a kansa abin da ba a karya a kan Mai Fiyano ba.

Duk tsawon makonnin nan Zaki nake hange. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin Kawun kansa ba.

Litinin

Na je shagon Baba Dogo. Bai ɗago daga rediyon da yake kwancewa ba. Na tsaya har ƙafata ta gaji. Daga ƙarshe ya ce, "Na ce miki tsakanina da ke." Shi ke nan abin da ya ce.

Umma ta daina yi min magana sai ta dole. Ta ajiye min abinci a rufe ta shige ɗaki.

Laraba, da la'asar

Na je. Wannan karon na durƙusa a gaban Kawu inda zai ga bakina sosai, na faɗi komai, har da makirufon, har da ranar da na yi wa bayansa magana. Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki takalmi ya jefe ni.

Ya saurara da ido har na gama. Gangunan suna jingine a lungu an lulluɓe su da zanin gado.

Ya ce, "Kunnen ai na san ya tafi, ba ke kika ɗauke shi ba." Ya dubi gangunan. "Abin da ba ki sani ba, ni fa ina jin kaina gwani. Kowace Asabar in dawo gida in ce yau ma na yi musu wayo, na sace kiɗa daga ƙafar Dogo bai sani ba. Da wannan nake barci." Ya murza yatsunsa. "Shekara bakwai ina zaton sata nake yi, ashe sadaka ake ba ni."

Na ce zan cire, ba a riga an saka a talabijin ba, zan roƙi Darakta.

Ya ce, "Ki cire daga ina? Ni ai na gani." Sannan ya ce in bar shi, wurin ya yi kyau, hannuna ya faɗa daidai kan bugu. Ya ce shi ya koya min, ya gane aikinsa.

Na fi son zagin.

Juma'a

Zaki ya samo wani mai ganguna. An ce ya iya.

Asabar, bayan na dawo

Kawu ne ya aiko a ce in zo in kai shi lambun otal. Na same shi da riga mai ruwan toka, ban taɓa ganinsa ranar Asabar ba sai da fari. A mota bai yi surutu ba.

Ya zaɓi tebur a gaba ta gefen hagu. Masu kawo lemo suna ta gaishe shi, yana ɗaga musu hannu. Sabon mutumin ya hau kujerar, ya sauke ta ƙasa kaɗan don ta yi masa daidai. Na ga Kawu ya ga hakan.

Baba Dogo ya fito da baƙin takalmi.

Suka fara. Mutumin ya iya ɗin, ba ƙarya. Rana ta yi ƙasa, inuwar itatuwa ta rufe dandamalin. Kawu ya ɗora yatsunsa a kan tebur, idonsa a ƙasa ta wurin Dogo, yana ƙanƙance ido. Yatsun suka ɗaga, suka tsaya, suka koma suka kwanta. Mutane suna rawa a bayanmu, shi yana zaune kamar mai jiran mota. Haka aka yi waƙa uku.

Da aka tafi hutu ya taɓo ni. Ya ce, da ƙarfi yadda yake magana yanzu, "Je ki ce wa wancan dogon banzan ya sa takalminsa. Ba na ganin waƙar."

Na je. Baba Dogo bai dube ni ba, amma ya ji. Ya sunkuya bayan sifika ya jawo wata leda. Ashe ya zo da su.

Da suka dawo bai tsaya inda ya saba ba. Ya matso bakin dandamali, ya ba wa mai ganguna baya, ya juyo da ƙafar tana fuskantar teburinmu. Fari ƙal a cikin duhun nan. Ya buga sau huɗu, Zaki ya ɗauka.

Yatsun Kawu suka kama. Daidai, ba kuskure ko ɗaya, har kwalbar lemo tana rawa a kan tebur. Bai dubi Dogo a fuska ba, Dogo ma bai dube shi ba. Can sama wani yana zaune a kujerarsa, kuma ni na ɗora shi a kai.

Hasken ya faɗo a kan yatsun ta gefe, takalmin yana can baya. Kafin in ankara hannuna ya shiga jaka ya kamo waya, har na buɗe kyamara.

Na mayar da ita. Na zauna a kan hannuwana har aka tashi.